Na soke abonma tun watan azumi, amma har yau ana cire mini kuɗi: ta ina zan bi?

Sanusi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da damuwa, ina neman shawarar masana. Waɗanda suka san ni sun san ina da ƙaramin shagon buga takardu nan Tawa, kusa da babbar kasuwa: katin biki, katin suna, da rubutun ɗaliban jami'a. Bara na yi abonma na wata manhajar zane ta wani kamfanin Turai, yuro 15 a wata, ina biya da katina na Visa irin wanda ake zuba wa kuɗi. Da azumi ya kama, biki ya tsaya, aiki ya ja baya, sai na shiga na soke ran 5 ga Maris. Jiya na je gishe in ciro kuɗin takarda da tawada, na tarar da saura bai kai ba. Na nemi relebe, wato takardar shiga da fitar kuɗin katin: an cire ran 5 ga Maris, an cire ran 5 ga Afrilu, an cire ran 5 ga Mayu. Kowace cira jika 10 (sefa dubu 10) da ƴan kai. Sama da jika 30 ke nan, ga layya na tafe. Wallahi daren jiya ban yi barci ba. Kuɗin nan suna dawowa kuwa, ko in haƙura?

Ɗan Illela: Wa alaikumus salam. Allah shi mai da maka da alheri, ɗan'uwa. Amma gaskiya kuɗin da sunka ƙetare teku ba su komowa. Wa za ka kai ƙara, kuma ina? Ka kwashe abin da ya rage cikin katin tun yau, su zo watan gobe su iske wayam.

Nafisa: Yaya Sanusi, tsaya tukuna. Sokewa ka yi ko goge manhajar ka yi daga waya? Don ni abin da ya same ni ke nan bara. Na ɗauki gwajin kyauta na kwana bakwai na wata manhajar koyon Ingilishi, da na ga ba ta yi mini ba sai na goge ta, na ɗauka magana ta ƙare. Wata biyu ana cira ban sani ba. Goge manhaja ba ya taɓa abonma ko kaɗan.

Sanusi: A'a ƙanwata, ba gogewa na yi ba. A kwamfuta ma nake aiki da ita. Na shiga kontina, na danna wurin sokewa, suka tambaye ni dalili, suka ce za su rage mini rabin kuɗi in na zauna, na ƙi, na ci gaba har ƙarshe.

Yaya Rakiya: Sanusi sannu. Na yi shekaru ina aiki a sashen katuna na wani banki a Yamai kafin in bari, irin wannan koke na ga shi ba adadi. Kada ka haƙura, kuma kada ka yi gaggawa. Tambaya ɗaya ce duk maganar ta rataya a kanta: bayan ka danna, sun aiko maka da imel da ke cewa an soke? Je ka duba, har cikin akwatin da saƙonnin banza ke faɗawa. Ba saƙon "muna baƙin cikin rabuwa da kai" nake nufi ba, wanda ya ce an soke, da kwanan wata a jikinsa.

Ɗan Illela: Hajiya, da girmanki, mi imel zai yi? Mutanen ga ba su san Tawa ba balle Sanusi.

Yaya Rakiya: Ba sai sun san shi ba, ƙanena. Sun san Visa, kuma suna tsoronta. Duk kamfanin da ke karɓar kuɗi da katin Visa ko Mastercard ya sa hannu a kan dokokinsu. A cikin dokokin Visa akwai babi musamman na wannan matsala, lambarsa 13.2: cirar da ke maimaituwa bayan mai kati ya soke. Bankinka ne ke shigar da ƙorafin, ya bi ta hanyar Visa ya isa bankin kamfanin, a ce musu ko su kawo hujjar cewa ba a soke ba, ko kuɗi su koma. Kuma kamfanin da ƙorafi irin wannan ya yi masa yawa, ana cin sa tara, har ana iya hana shi karɓar kati. Shi ya sa da yawansu da sun ga mutum ya san hanyar, sai su biya shi da kansu tun magana ba ta kai can ba.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne wa'adi. Galibi kwana 120 ne daga ranar da aka yi cirar. Kowace cira da nata lissafin. Ta 5 ga Maris ɗinka, Sanusi, wa'adinta zai cika farkon Yuli. Kana da lokaci, amma ba na zama ba.

Sanusi: Alhamdu lillahi! Na samu, yaya. Yana cikin akwatin banza kamar yadda kika ce. An rubuta an soke abonma, ran 5 ga Maris, ƙarfe 9 da minti 40 na dare. Na tuna ma, bayan tarawi ne na dawo shago na yi.

Yaya Rakiya: Madalla. Ɗauki hotonsa yanzu, ka tura wa kanka a wani wuri, ka kuma buga shi a takarda tunda injin na hannunka. Sai dai zan gaya maka abin da ba za ka so ji ba. Duba relebe, cirar Maris da wane lokaci ta fita?

Sanusi: Saƙon banki ya shigo da safe ne, wajen ƙarfe 7.

Yaya Rakiya: To ka gani. Sun cira da safe, ka soke da dare. A wurinsu watan Maris ya riga ya sabunta kafin ka soke, kuma yawanci sharaɗinsu shi ne ka ci gaba da amfani har watan da ka biya ya ƙare. Ta Afrilu da ta Mayu haƙƙinka ne tsantsa, ba su da bakin magana. Ta Maris kuwa roƙo ne, ba ƙara ba. Kada ka haɗa su wuri ɗaya ka ce duka sata ne, sai su kama wannan guda su raunana maka sauran.

Mushe Habu: Wannan bayani ya yi, Allah ya saka wa Rakiya. Ni abin da zan ƙara, a matsayina na wanda ya tsufa da rubuta takardun gwamnati: komai a rubuce. Kada ka kira waya, kada ka tsaya ga hira da na'urar nan da ke amsa tambaya a shafinsu. Rubuta musu gajeren saƙo da Faransanci, ba zagi, ba dogon labari. Ranar da ka soke, ranakun da aka cira, adadin kowace, hoton imel, hoton relebe. Ka rufe lambar katin, ka bar huɗun ƙarshe kaɗai. Ka ba su kwana 10, ka ce in ba su mayar ba za ka kai ƙorafi bankinka. In Faransancin ne matsala, ka biyo gida bayan la'asar mu rubuta tare, ai kai ɗalibina ne.

Sanusi: Na gode Mushe, zan zo insha Allahu.

Ɗan Illela: To ni dai ina nan kan bakata. Ko da zai rubuta, shi kwashe kuɗinshi daga katin. Ran 5 ga watan gobe za su sake dawowa.

Yaya Rakiya: A nan kana da gaskiya rabi. Tunda kati ne na zubawa, barinsa babu kuɗi zai hana cirar Yuni wucewa, kuma ina goyon bayan haka ga Sanusi domin shi ya riga ya soke, yana da shaida. Amma kada wani ya karanta wannan ya ɗauka kwashe kuɗi shi ne sokewa. Wanda bai soke ba, yarjejeniyarsa tana nan da rai. Za su yi ta gwada katin, ranar da ka zuba kuɗi don wata buƙata su cafke. Na ga wanda ya zuba kuɗin rajistar makaranta, kafin ya biya an zare. Sannan Sanusi, kada ka rufe katin gaba ɗaya yanzu. Kuɗin da za a mayar ta kan katin da aka cira suke biyowa. In ka rufe shi, ka ƙara wa kanka wata tafiyar.

Lawali daga Liyon: Salam ƴan gida. Ina bin maganar tun ɗazu daga wurin aiki. Ku sani ba mu kaɗai abin ke ci ba, Turawan ma kuka suke. Nan Faransa sai da aka yi doka, ta fara aiki ran 1 ga Yuni 2023, wadda ta tilasta wa duk kamfanin da ake iya yin abonma da shi ta intanet ya sa maɓallin sokewa a fili, suna ce mata sokewa da dannawa uku. A Amurka kuma hukumar kare masu saye ta FTC ta kai Amazon kotu a 2023 kan yadda ake shigar da mutane abonmansa mai suna Prime da wahalar fita, a watan Satumba 2025 aka sasanta kan dalar Amurka biliyan 2.5, biliyan 1.5 daga ciki na mayar wa mutane ne. Ina kawo wannan ne don Ɗan Illela ya san kuɗi suna komowa. Wanda ya nema ne ke samu.

Ɗan Illela: Wannan Amurka ce, Lawali. Dokar Faransa ta san da mutumin Adar?

Lawali daga Liyon: Ban ce dokar ta rufe Sanusi ba, don masu saye na nan aka yi ta. Amma kamfanin da ya saba ana matsa masa a gida yana da ma'aikata da tsarin mayar da kuɗi a shirye. Saƙon Sanusi layi ɗaya zai shiga da na mutumin Liyon, wanda zai karanta ba ruwansa da inda aka rubuto. Hujja yake dubawa.

Hajiya Mariyama: Ni ku taimake ni da tawa, ko da ba irin ta Sanusi ba ce. Ba ni da kati, ban san Visa ba. Amma kullum na sa kiredi a salula, kafin in kira ɗiyata a Konni an zare dala goma (sefa 50), wani lokaci dala ashirin. Sai saƙo ya shigo wai labarin ƙwallo. Ni da ƙwallo? Jikana ne ke ɗaukar wayar yana danne-danne. Wata nawa ana haka.

Nafisa: Inna, wannan ma abonma ne, irin na kamfanin waya: waƙar jiran kira, labarin wasanni, wasannin tambaya. Sau da yawa dannawa ɗaya ce ke shigar da mutum. Ki ba wani ya karanta miki saƙon har ƙasa, wani lokaci suna rubuta yadda ake fita. In babu, ki je ajans ɗinsu da wayar da katin shaidarki, ki ce a cire miki duk wani abonma da ke kan layin, a nuna miki a allo cewa an cire. Gobe ba ni da darasi da safe, in kina so in raka ki.

Mushe Habu: Kuma in an je an dawo ba a daina ba, akwai ARCEP, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin sadarwa a ƙasar nan, ana kai mata koke. Abin da ke ba ni takaici shi ne mun raina dala goma. Dala goma kullum, a wata jika ɗaya da rabi ce. Ku lissafa tsofaffi nawa ne a ƙauyukanmu da ba su iya karanta saƙon ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Hajiya Mariyama: Allah shi yi miki albarka ɗiyata. Ki biyo da safe.

Mai kula da zaure: Jama'a, na goge saƙon wani da ya sa lamba yana cewa a turo masa lambar kati da lambobin baya zai karɓo wa mutane kuɗinsu. Na fitar da shi. Babu mai mayar maka da kuɗi da ke buƙatar lambobi ukun bayan kati ko lambar sirrin da banki ke turowa ta saƙo. Ko ma'aikacin banki ne ya tambaya, kada ka bayar.

Nafisa: Tunda an zo nan bari in faɗi na masu waya, don yawancinmu ta nan muke shiga. In ta Play Store ka yi abonma, can za ka soke: ka danna hotonka a sama, ka shiga wurin biya da abonma, za ka ga jerin duk abin da ke cin kuɗinka. Google na duba buƙatar mayarwa in ba a wuce awa 48 da cirar ba, bayan haka mai manhajar za ka nema. In kuwa cirar da ba ka san da ita ba ce sam, suna ba da kwana 120 a kai rahoto. Masu iPhone kuma cikin saitin waya ne, ƙarƙashin sunanka, kuma Apple na da shafin neman mayar da kuɗi. Gwajin kyauta a soke shi aƙalla awa 24 kafin ya ƙare. Ni yanzu ranar da na ɗauki gwaji, ranar nake sa ƙararrawa a waya.

Malam Isufu: Ina da tambaya ga Sanusi, ba don in tsananta ba. Bayan ka soke, ka ci gaba da aiki da manhajar a Afrilu ko Mayu? Domin in ka amfana da ita, neman a mayar maka da kuɗin duka akwai abin dubawa. Haƙƙi haƙƙi ne ko na wanda ba ka sani ba ne.

Sanusi: Tambaya ce mai kyau Malam. Wallahi tun daren da na soke ban sake buɗe ta ba. Na koma wata ta kyauta, da ita na yi katunan bayan salla. Ban ma san kontin na nan buɗe ba.

Malam Isufu: To alhamdu lillahi, nemi haƙƙinka da ƙarfinka. Barin dukiya ta salwanta alhali akwai hanyar ceto ta ba tawakkali ba ne.

Yaya Rakiya: Tambayar Malam tana da amfani ko ta fuskar takarda. Kamfani na ganin ranar da ka shiga ta ƙarshe. In sun ga ka yi aiki da ita a Mayu, da wannan za su kare kansu a gaban banki. Don haka Sanusi, kada ka buɗe ta ka yi ko da kati ɗaya. Ka sa a saƙonka cewa su duba, ba ka shiga ba tun 5 ga Maris. Wannan ce ma hujjar da za ka roƙi ta Maris da ita.

Sanusi: Jama'a ga labari, kwana shida bayan mun rubuta da Mushe. Saƙon farko na'ura ce ta amsa, ta turo mini yadda ake sokewa, kamar ban faɗi komai ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mushe ya ce in mayar da amsa a kan saƙon nan dai, kada in buɗe sabo, in sake manna hotunan, in nemi mutum ya duba. Shekaranjiya wata ma'aikaciya ta amsa. Ta ce sokewar ta shiga amma ba ta isa sashen biya ba, kuskurensu ne, za su mayar da ta Afrilu da ta Mayu, yuro 30. Ta Maris ta ce ba za su iya ba, sai dai su ba ni wata ɗaya kyauta. Yau da safe saƙon banki ya shigo: sefa 19.679. Amma ni abin da aka cire mini a wata biyun ya haura jika 20 da rabi. Ina sauran?

Ɗan Illela: Allahu akbar. To na janye maganata, ban taɓa ganin haka ba sai yau. Barka Sanusi. Ni kaina akwai wata cira da nike gani tun Afrilu, bari in tahi in nemi relebe.

Yaya Rakiya: Barka ƙanena. Lissafin daidai yake. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 656 ne saura kaɗan (655,957), ba ya motsi. Yuro 30 shi ne abin da ka gani. Ragowar kuɗin aikin banki ne na biya zuwa waje, bai taɓa shiga hannun kamfanin ba, don haka ba za su mayar da abin da ba su karɓa ba. Ka ma yi sa'a da yuro ne. Da dalar Amurka ce, canjin ranar cira da na ranar mayarwa ba ɗaya ba ne, kana iya samun ƙasa da haka. In kana son ragowar, bankinka za ka rubuta wa. Ka kai takardar koke ajans, kwafi biyu, a buga maka kashe, wato hatiminsu, da kwanan wata a naka. Bankunan yankinmu suna ƙarƙashin hukumar sa ido kan bankuna da ke Abijan, ta UMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, kuma wajibi ne su karɓi koken abokin hulɗa su amsa. Ban yi maka alkawarin za su mayar ba, amma tambaya ba ta cin ko dala.

Kyautar wata ɗayan nan kuwa, kada ka karɓa. Karɓarta na nufin abonma ya sake buɗewa da katinka a ciki, ranar da watan ya ƙare a koma gidan jiya. Ka ce su cire katinka daga kontin, su aiko maka a rubuce.

Lawali daga Liyon: Ni da ni ne zan matsa kan ta Maris ma. Awa 14 ce tsakani, kuma bai yi amfani ba. Ya kai banki kawai.

Yaya Rakiya: A'a Lawali. Babin da na faɗa na cirar da ta biyo bayan sokewa ne. Wannan ta riga sokewa. In ya shigar, kamfanin zai nuna lokaci, a kori ƙorafin, wani bankin ma ya caje shi kuɗin bincike. Ya sake roƙonsu sau ɗaya da lalama, shi ke nan abin da ya rage.

Mushe Habu: Ni ma haka na gani. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Mu sake rubuta musu layi uku, mu gode, mu ƙi kyautar, mu ce ko rabin ta Maris ne su duba.

Lawali daga Liyon: Ban gamsu ba gaba ɗaya, amma ku kuka san bankunan gida.

Hajiya Mariyama: Ni ma an cire mini nawa, abu uku ne ashe a kan layin. Kwana huɗu ke nan kiredina na kwana lafiya. Na baya dai sun ce ba ya dawowa.

Nafisa: Inna na ce miki mu rubuta koke, kin ce a bari. Har yanzu ina nan in kin canza shawara.

Sanusi: Na aika saƙon na uku ɗazu, na ƙi watan kyauta, na ce su cire katina. Takardar banki kuma na buga kwafi biyu, gobe da safe zan kai. Ran 5 ga Yuni zan zuba jika ɗaya kacal a katin in zauna in ga ko za a taɓa. Yaya Rakiya, in an gwada cira ta kasa wucewa, yana fitowa a relebe ko sai na tambaya a gishe?

Yaya Rakiya: A relebe ba ya fitowa, tunda kuɗi ba su fita ba. Wasu bankunan na turo saƙon an ƙi biya, wasu ba sa turowa. Ka tambaya a ajans ran 6, suna gani a na'urarsu. In an gwada, ka sanar da ni a nan, akwai abin da za mu ƙara a takardar.